Nasiha ga Ɗaliban Kemistiri na Gidan Waya: Ku Auna Abin da Muke Ci

Ƙannena da ke karanta kimiyyar sinadarai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da 'yan'uwanku masu karatun noma a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, yau da ku nake. Na san da yawanku ba wannan fanni kuka nema ba tun farko. Wani likitanci ya so, wata harhaɗa magunguna, maki bai kai ba, aka ce ga kemistiri nan, a yi haƙuri da shi. Shi ya sa za ka ga yaro yana haddar sunayen sinadarai zuciyarsa na wani wuri, jira kawai yake ya karɓi takarda ya shiga neman aikin ofis. Wannan hali yana damuna, domin fannin da kuke riƙe da shi sakwa-sakwa shi ne wanda yankinku ya fi buƙata. Bari in ba ku labarin wasu da suka riƙe shi da hannu biyu, suka juya shi kan tukunyar iyayensu.

A shekarun 1960 akwai wani malamin kemistiri a Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, sunansa Olusegun Ladimeji Oke. Ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, yawancin littattafan karatu daga Ingila suke zuwa, abincin da suka yi bayani a kai kuwa na can ne. Oke ya ɗauki garin kwaki na kasuwa, wanda talaka ke jiƙawa ya sha da ƙuli-ƙuli, ya kai shi ɗakin gwaji. Ya bi shi da sauran abincin rogo da na masara da ganyayen miya, ɗaya bayan ɗaya, yana auna abin da ke cikinsu mai gina jiki da abin da ke cikinsu mai cutarwa. A 1966 rahotonsa kan garin kwaki ya fito a mujallar Nature, wadda duk masanin kimiyya a duniya ke burin ganin sunansa a ciki. Abincin da masu kuɗi ke rainawa shi ya kai shi can.

Me ke cikin rogo da ya cancanci shekarun mutum? Ku tsaya mu duba, domin darasin yana nan. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da wani sinadari da ake kira linamarin. Muddin saiwar tana nan lafiya, ba ya taɓa kowa. Da zarar an goga ta ko an daka, sai wani sinadarin da ke ɓoye a wani sashe na ƙwayoyin rogon ya haɗu da shi ya farfasa shi, daga nan sayanaid ke fitowa, gubar da ke hana jiki amfani da iskar da muke shaƙa. Iyayenmu mata ba su san sunansa ba, amma sun san maganinsa: a ɓare, a goga, a zuba a buhu a danne da dutse kwana biyu zuwa uku ruwan ya tsiyaye, sannan a soya a kasko. Kowane mataki yana korar wani kaso na gubar. Aikin masani shi ne ya faɗi nawa ne ya fita a kowane mataki, nawa ne ya rage, kuma me zai faru idan mai sana'a ta yi gaggawa ta tsallake kwanakin tsimawa saboda kasuwa na jira.

Amsar tambayar ƙarshe a asibiti aka same ta. A cikin shekarun 1960 ɗin nan ne wani likitan jijiyoyi a Ibadan, Benjamin Osuntokun, ya bi diddigin wata cuta da ke sa mutane tangaɗi a tafiya, gani da ji su ragu, ya nuna alaƙarta da daɗewa ana cin rogon da bai tsimu sosai ba. Jiki yana iya sauya ɗan sayanaid zuwa abin da zai fita ta fitsari, amma sai ya ci daga sinadaran gina jiki masu ɗauke da farar wuta, irin su metiyonin. Wanda abincinsa rogo ne safe da yamma, ba nama ba wake, shi ne ba shi da abin biyan wannan bashi. Abin da jikin ya sauya gubar zuwa gare shi kuma yana hana maƙogwaro ɗaukar aidin, sai maƙoƙo ya biyo baya. Likita ya ga majinyaci, masanin sinadarai ya auna kwanon abincinsa, aka haɗa biyun aka gane. Yau ƙa'idar duniya ta ce garin rogo kada ya wuce miligiram 10 na sayanaid a kilo ɗaya. Irin wannan adadi ba a tsintarsa a hanya. Mutane da yawa ne a ƙasashe da yawa suka yi shekaru suna awo kafin a tsayar da shi, kuma 'yan Najeriya na cikinsu.

Oke ya ci gaba da aikinsa har ya zama farfesa, ya yi bincike kan yadda za a tatso sinadarin gina jiki daga ganye, kuma a 1990 shi aka naɗa shugaban farko na jami'ar fasaha da ke Ogbomoso, wadda daga baya aka sa wa sunan Ladoke Akintola. Kujerar ta zo daga baya, kuma wani ya gaje ta. Abin da har yanzu masu bincike ke komawa su karanta shi ne awon da ya yi.

Kada ku ce wannan labarin mutanen Kudu ne. A Zariya, a sashen kimiyyar sinadaran jiki na Jami'ar Ahmadu Bello, an yi wani malami, O. U. Eka, wanda ya duƙufa kan abincin Arewa. Ya yi aiki a kan nono da man shanu, ya yi a kan kunun yaye da aka haɗa da waken soya, kuma a 1980 ya wallafa bincike a mujallar Food Chemistry kan abin da ke faruwa da kalwa idan aka mayar da ita daddawa. A Ibadan kuma S. A. Odunfa ya nuna irin ƙwayoyin halittar da ke yin wannan tsimi. Daddawar da ake toshe hanci idan an wuce inda ake shanya ta, ita ce ta zama abin nazari a jami'o'in duniya, kuma duk ɗalibin da zai rubuta wani abu a kanta yau sai ya ambaci waɗannan mutane.

To ku me kuke da shi? Kuna da citta. Babu wani yanki a Najeriya da ya kai Kudancin Kaduna nomanta, daga Kachia zuwa Kwoi, Kagarko da nan Jema'a, kuma tun wajen 1927 ake nomanta don sayarwa a ƙasar Jaba. Da yawanku da kuɗin citta aka biya muku makaranta. Kun san irinta tafin giwa, kun san yatsun biri, kun san yadda ake tsaga ta a shanya idan hunturu ya shigo, kun san yadda dillali ke zura hannu cikin buhu ya karya guda ɗaya ya ce ba ta bushe ba don ya rage farashi. 'Yan kasuwar duniya suna son cittarmu saboda yajinta da yawan manta. Amma yawanci a bushe take fita, a buhu, kamar yadda kakanninku suka fitar da ita. A ƙasashen waje ake tatsar man, can ake awo, can ake yanke mata daraja, kuma can ribar take tsayawa.

Yajin citta ɗanya daga wani sinadari yake da ake kira jinjarol. Idan ta bushe ko ta sha zafi, wani kaso nasa yana juyawa ya zama shogawol, wanda ya fi shi yaji. Ƙamshin kuwa daga wani mai yake, mai saurin bin iska, wanda ke raguwa idan aka tsaga saiwar aka bar ta a rana fiye da kima. Ke nan tsakanin gona da buhu akwai kemistiri mai yawa da ke gudana, kuma kuɗi ne ke shiga yana fita. Wadda aka shanya a kan dutse, da wadda aka baza a bakin kwalta ƙura da hayaƙin mota na sauka a kanta, da wadda aka ɗora a kan tamfol, wacce ta fi riƙe manta? Tafin giwa ta Kwoi da ta Kagarko, ɗaya suke? Kwana nawa ya kamata a shanya kafin danshi ya sauka inda fumfuna ba za ta kama ba? Bayan wata shida a ɗakin ajiya, me ya rage? Waɗannan tambayoyi ne da manomi zai biya kuɗi ya ji amsarsu, kuma babu wanda ya fi ku dacewa ya amsa, domin gonakin na iyayenku ne kuma ba sai kun nemi tafinta ba.

A daminar 2023 kun ga abin da ya faru. Cutar fumfuna ta faɗa wa gonakin citta, ganye ya yi rawaya ya bushe, saiwa ta ruɓe a ƙasa, mafi yawan amfanin shekarar ya salwanta, har iri ya yi wuyar samu. Gidaje da yawa sun shiga bashi. Gano cutar da samo irin da zai jure aikin masana tsirrai ne, irin na cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike. Amma akwai rabonku a ciki. Manomin da ya taɓa yin irin wannan asara zai nemi maganin feshi ko ta halin ƙaƙa, kuma wani lokaci zai fesa fiye da yadda aka rubuta a jikin kwalba. Wa zai auna abin da ya saura a jikin cittar da za a saka a kunun yara, ko a loda a jirgin ruwa?

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙa'ida, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa muke dafawa a nan. Haka batun aflatoksin, gubar da wata fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara da kayan yaji idan ba su bushe da kyau ba. Duniya ta san da ita ne a 1960, lokacin da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Ba ta da ɗanɗano, dafuwa ba ta kashe ta, tana cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, tana kuma tsumburar da yara. Turai ba ta karɓar cittar da ta wuce maikirogiram 10 na wannan guba a kilo ɗaya. A yankinku ruwan sama ya fi na Kano da Katsina yawa da daɗewa, sau da yawa ana karya masara damina ba ta gama janyewa ba. Duk wanda ya san wannan ya san rumbunanmu na buƙatar mai awo.

Akwai kuma acca, wadda ake nomawa a nan da Filato. Tana da wadatar metiyonin ɗin nan da na ambata, wanda ya yi ƙaranci a yawancin hatsi, kuma mutanen birni sun fara nemanta da tsada. Wahalarta sussuka da surfe da fitar da tsakuwa. Wani malamin makarantar fasaha a Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin surfa ta a shekarun 1990. Saura wanda zai zauna ya gwada yadda za a haɗa ta da waken soya da gyaɗa mai tsabta a yi garin kunun yaye da uwa a ƙauye za ta iya saye.

Yanzu ga abin da ya fi kowane nauyi a wannan magana: gaskiyar awo. Jarin masanin kimiyya ɗaya ne, a yarda da adadin da ya rubuta. Kun san yadda ake yi a makarantu da yawa idan lokacin aikin kammala karatu ya zo. Ana sayen tsohon aiki a canza suna, ko a zauna a ɗaki a tsara alƙaluman da suka yi kama da na littafi, ba a taɓa kunna murhun gwaji ba. Wanda ya yi haka sau ɗaya ya ga ya wuce, zai sake, kuma ranar da aka ɗora shi a kan kujerar da zai sa hannu cewa wannan madara ko wannan gishiri ya dace a ci, hannunsa ya riga ya saba. A ilimin abinci, ƙaryar takarda cikin wani take shiga.

Saboda haka ku sami littafi mai bango mai ƙarfi, ku rubuta komai da biro a ranar da kuka yi shi: inda aka samo samfur, ranar da aka tono shi, nauyinsa kafin da bayan. Ku gwada sikelinku da nauyin da aka sani kafin ku yarda da shi. Kowane awo ku yi shi sau uku. Idan sakamako ya saɓa wa abin da malam ke tsammani, ku sake, idan ya sake fitowa haka ku rubuta shi haka. Ku kuma san iyakar hanyar da kuke bi. Tsohuwar hanyar auna sinadarin gina jiki, wadda za a koya muku, naitirojin take aunawa sannan a ninka da 6.25. A Sin, a 2008, wasu marasa imani sun yi amfani da wannan giɓi suka zuba melamin a madarar jarirai don awo ya nuna tana da kyau. Yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo, wasu suka rasu. Mai awon da ya haddace mataki bai san dalilinsa ba, da sauƙi ake wucewa ta gabansa.

Kada rashin kayan aiki ya zama hujjar zama. Na san halin ɗakunan gwajinmu, wuta na zuwa tana ɗaukewa, sinadarai sun ƙare ko sun tsufa. Amma auna danshi sikeli mai kyau yake buƙata da murhun da zai tsaya a digiri 105, sai haƙuri. Wani Bature masanin sinadarai a Ostareliya, Howard Bradbury, bayan ya yi ritaya ya koma kan rogo, ya fito da 'yar takarda mai canza launi da za a iya gwada sayanaid da ita a ƙauye. Ya kuma nuna cewa idan aka kwaɓa garin rogo da ruwa aka baza shi siriri, awa biyar a inuwa ko awa biyu a rana, yawancin gubar na tashi. An koya wa mata wannan a ƙauyukan Kongo inda cutar shanyewar ƙafa da ake kira konzo ke kama yara, kuma cutar ta ja da baya a inda aka riƙe hanyar. Roba da ruwa da tabarma kawai ake buƙata. Abin da ya fi ƙarfin kwalejinku kuma akwai inda za a kai: cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa tana Basawa a Zariya, cibiyar binciken noma tana Samaru, hukumar NAFDAC tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Ku koyi rubuta wasiƙa mai ladabi, ku nemi malaminku ya sa muku hannu, ku je.

Waɗanda Allah ya nufa za su bi hanyar koyarwa a jami'a, daga NCE zuwa digiri, zuwa digiri na biyu da na uku, za su tarar ana ƙirga takardun da mutum ya wallafa kafin a ƙara masa girma. Wannan ƙirga ta haifar da ɓarna. Akwai mujallun da kuɗi kawai suke so, ka biya yau a buga gobe, babu masanin da ya duba. Akwai kuma ɗabi'ar tsinko kowane ganye a auna danshi da toka da mai, a buga, a wuce ga wani ganyen, ba a taɓa tambayar wa zai amfana ba. Mutum zai iya tara irin waɗannan guda hamsin ya zama farfesa, amma ko maƙwabcinsa bai canza yadda yake ajiye masara ba saboda shi. Ni a wurina tasirin masani a wuri uku ake ganinsa: wani mai bincike ya ɗora aikinsa a kan naka bai rufta ba, hukuma ko kamfani sun gyara wani abu saboda adadin da ka kawo, kuma ɗaliban da ka horar sun fita da hannu mai tsabta. Hanyar samun wannan ita ce ka zaɓi abu ɗaya ka daɗe a kansa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ba citta shekara goma sha biyar na rayuwarsa, duk mai son sanin cittar Najeriya, daga Legas ko daga Indiya, ƙofarsa zai ƙwanƙwasa. Ga kuma sabuwar jami'ar tarayya da aka kafa a Kachia a 2025, a tsakiyar ƙasar citta. Za ta buƙaci malamai, kuma zai fi kyau a ce 'ya'yan manoman ne.

Ƙannena mata, kada ku bar wa maza wannan fage. Tsagar citta, shanya, surfen acca, daddawa, man gyaɗa, kunu, yawancinsu a hannun mata suke. Ke za ki shiga har madafa ki zauna a kan kujerar tsugunno, a nuna miki abin da ba za a nuna wa baƙo namiji ba. Ki tafi da girmamawa, domin matar da ta yi shekara talatin tana yin daddawa ta san abubuwan da babu su a littafinki. Ki saurara, ki rubuta, sannan ki auna.

Yawancinku aji za ku koma, tunda kwalejinku malamai take yayewa, kuma wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Yaron sakandare da bai taɓa ganin gwaji da idonsa ba zai ɗauka kimiyya hadda ce. Ku ɗiga masa aidin a kan garin rogo ya ga ya koma shuɗi mai duhu. Ku jiƙa zoɓorodo, ku matsa lemun tsami a rabi, ku zuba kanwa a rabi, ya ga launi ya rabu biyu, sannan ku gaya masa dalili. Daga irin wannan aji masu bincike ke fitowa.

Duk abin da kuka gano kuma, kada ya tsaya a Turanci cikin kabad ɗin laburare. Ku mayar da shi ga masu shi, da Hausa, da harshen Ham ko Bajju ko Atyap ko duk wanda kuka tashi da shi, a taron ƙungiyar manoma, a coci da masallaci, a gidan rediyo. Kakar citta na tafe. Kafin a fara tono, kowannenku ya je wurin manomi ɗaya daga danginsa ya tambaye shi a ina ya fi yin asara tsakanin gona da kasuwa, ya rubuta amsar da kwanan wata, ya kai wa malaminsa ya ce a kan wannan yake so ya yi aikin kammala karatunsa.